Ranar da Na Faɗa wa Mai Fitilu Ciwon 'Yata

Tun ranar da malamar Islamiyya ta shigo gida ta ce an zaɓi 'yata cikin yara ukun da za su je musabaƙar karatun Alƙur'ani a Haɗejiya, ban ƙara yin barci mai daɗi ba. Maƙwabta suna shigowa yi mini barka, ina amsawa da baki kawai. Ba karatun nake tsoro ba, yarinyar ta riƙe abinta da kyau. Ɗakin taron nake tsoro. Wata da ta taɓa zuwa biki a wajen ta nuna mini bidiyo a waya, na ga fitilu suna wal-wal, ja ya zo, kore ya zo, fari ya yi ta ƙiftawa kamar walƙiyar tsakiyar damina.

'Yata shekararta takwas, kuma tana da farfaɗiya. Ga kalmar nan na rubuta. Kafin wannan tafiya mu huɗu kaɗai muka sani: ni, babanta, kakarta, sai likitan da muke gani a Kano. Likitan ya ce irin nata haske mai ƙiftawa ne yake tayar da shi. Tana shan ƙwaya safe da yamma, kuma an fi shekara ba ta faɗi ba. Kakarta ta ja mini kunne tun farko, ta ce kar bakina ya kuskura. Ba don mugunta ba. Ta san garinmu. Da an ji, za a hana yara cin abinci kwano ɗaya da ita, a ce yawunta yana yaɗa ciwon, alhali likita ya rantse mana ba a ɗaukarsa.

Babanta bai samu zuwa ba, shinkafa ta nuna, tsuntsayen jan baki sun sauka, in ya bar gona yini ɗaya sai dai ya tarar da kara. Don haka ni na raka ta.

Mun tashi da asuba ranar Asabar, ana sallame salla muna bakin ruwa: ni da goyona 'yar wata bakwai, da 'yata, da malama, da sauran yara biyun. Malama ta so mu fita ƙarfe bakwai, ni na nace, na ce mota tana wuya. Gaskiyar magana ita ce, ƙauyenmu a ƙasar Guri yake, har yanzu ruwa bai janye daga hanya ba, sai an shiga kwalekwale kafin a kai titi. In rana ta fito ta bugi ruwan nan, yana wani ƙyalli yana rawa, ni kuma ba na so idon yarinyar ya sauka a kai.

Mai kwalekwalen dattijo ne, yana tura gora yana zagin kacalla, wato ciyawar nan mai tsayi da ta cinye mana hanyoyin ruwa. Ya ce a da daga nan yana hango titi, yanzu sai ya bi lungu kamar ɓarawo. Masunta sun riga mu fita, suna ɗaga raga shiru. A gonakin shinkafa an ja igiyoyi an rataya gwangwanaye da ledoji, iska tana kaɗa su. Balbelu sun yi layi a kan wani busasshen icce kamar masu jiran rabon zakka. Yaran suna ta tilawa ƙasa-ƙasa. Ni kuwa gabas nake kallo, ina auna jan da sama take yi.

Mun kai titi kafin rana ta leƙo. Motar da muka samu an cika bayanta da kwandunan busasshen kifi, kuɗinta kuma ya kusa ninka na bara. Direba ya ce mu tambayi mai, kar mu tambaye shi. Kafin mu yi nisa warin kifi ya kama fararen hijaban yaran. Malama ta ce, "To, ko ba a kira sunan makarantarmu ba, alƙalai za su san daga inda muka fito." Aka yi dariya har da direba.

Akwai wani wuri da bishiyoyin maina, wato dogon yaro, suka yi layi a gefen titi. Lokacin rana ta fito, mota tana gudu, haske yana shigowa ta tsakanin bishiyoyi, ya zo ya ɗauke, ya zo ya ɗauke. A irin wannan wurin 'yata ta fara faɗuwa tana shekara biyar, a kan cinyata. Na jawo kanta na ce ta kwanta ta huta. Ashe ta riga ni, ta sa tafin hannu ta rufe ido ɗaya kamar yadda likita ya koya mata. Yaro mai ciwo da wuri yake girma.

Mun shiga Haɗejiya wajen ƙarfe takwas. Gari ya cika, motocin tattasai da kankana suna ta sauke kaya, 'yan adaidaita suna kiran fasinja kamar ana rabon gado. Muka karya da ƙosai da kunun tsamiya a bakin tasha. Ƙosan birni ya ƙanƙance, ɗaya bai fi lomar jariri ba. Na ja 'yata bayan wani shago kamar za mu gyara ɗankwali, na ba ta ƙwayarta ta kora da kunu.

Ɗakin taron babba ne, na haya, jiya ma biki aka yi a ciki, har da ragowar furannin roba a bango. An rufe tagogi da labule masu kauri saboda mai ɗaukar bidiyo. Ƙarfe goma za a fara. Muna sa ƙafa a ƙofa, wani yana gwada lasifika, sai kawai ɗakin ya kama da wuta: ja, shuɗi, sannan farin nan mai ƙiftawa, tau-tau-tau. Ban san lokacin da na fizgo ta na tura fuskarta cikin hijabina ba. Na fita da ita waje ƙarƙashin wata bishiya. Fatar idonta tana rawa, hannunta ya yi sanyi. Ta ce, "Umma, kaina." Na riƙe ta ina karanta duk abin da ya zo bakina. Allah ya taimaka abin ya wuce, bai kai ga faɗuwa ba.

Malama ta fito ta ce lafiya? Na ce jirin mota ne.

Na zauna ina lissafi. Hanya mafi sauƙi ita ce in ce zazzaɓi ya kama ta, mu koma tasha. Har na fara haɗa maganar a raina. Sai yarinyar ta kama bakin zanena ta ce, "Umma, kar mu koma. Wata uku fa ina yi." Ba ta yi kuka ba. Da ta yi kuka ma da ya fi mini sauƙi.

Na bar ta wajen malama a inuwa, na gyara goyo na koma ciki.

A can bayan ɗakin akwai wani tebur, a kansa wata na'ura baƙa mai faɗin faranti biyu, cike da maɓallai da wasu 'yan abubuwa da ake turawa sama da ƙasa. Da ita ake juya duk fitilun da ke rataye a saman dandamali. Mai kula da ita mutum ne mai kimanin shekara arba'in, daga maganarsa na gane mutumin Jos ne, ga kuma ɗan gicciye a wuyansa. Gumi ya jiƙa masa riga. Shugaban taron, wani Alhaji mai babbar riga, yana tsaye a kansa yana cewa, "Injiniya, fari na ce a kan mai karatu, kore a bango. Wannan ai gidan rawa ka mayar mana. Ka ajiye wal-wal ɗin sai lokacin ba da kyauta." Ya juya ya tafi.

Na matsa na tsaya kusa da teburin.

"Madam, wurin mata yana can hagu," ya ce, bai ko ɗago ba.

Na ce, "Malam, don Allah wannan mai ƙiftawar nake so a kashe."

"Ni ma shi nake so. Tun safe take wasa da ni."

"Har lokacin ba da kyautar nake nufi."

"Wannan kuma Alhaji ne ya ce. Ki je ki same shi."

Na dubi inda Alhajin yake, maza sun kewaye shi. Na dubi mutumin nan da ban san shi ba, bai san ni ba, ba garinmu ɗaya ba, ba addininmu ɗaya ba. Na ji muryata tana cewa, "'Yata tana cikin masu karatu. Tana da farfaɗiya. In hasken nan ya ƙifta mata, faɗuwa za ta yi a gaban mutane."

Na jira in ga ya ja da baya, yadda na sha ganin ana yi wa wasu. Sai ya ajiye sukudireban da ke hannunsa, ya dube ni sosai ya ce, "Ƙiftawar ce kaɗai, ko har in launi ya canja da sauri?"

Na ce duka biyun, amma ƙiftawar ta fi.

"Tana ina yanzu?"

"Waje."

"Ta zauna can sai na ce. Ke kuma tsaya nan, ina buƙatar ido."

Bai ce mini sannu ba, bai ce Allah sarki ba. Wallahi hakan ya fi mini daɗi.

Ya nuna mini yadda abin yake. Kowace fitila tana da launi uku a cikinta, ja da kore da shuɗi. In aka tura ukun daidai wa daida, sai su ba da fari. Na yi mamaki, don ni a wajen rinin zare, in ka haɗa ukun nan ruwan kwata kake samu. Ya ce haske daban yake da rini. In ya haɗa launin da yake so, sai ya ajiye shi a cikin wata lamba, duk lokacin da ya danna lambar na'urar ta tuno ta kawo shi. Farin karatu yana lamba ɗaya. Sauran lambobin duk na bikin jiya ne.

Ya danna ɗaya. Fitilu shida suka ba da fari mai kyau, a tsaye. Biyu na gefe kuwa suka yi ruwan ɗorawa suna ƙiftawa.

Ya ɗauko tsani ya hau, ya leƙa bayansu, ya yi tsaki. Ya ce waɗannan biyun sababbi ne, mai ɗakin ya sayo su bayan rufi ya yi yoyo ya lalata na da, kuma ba kamfaninsu ɗaya da sauran ba. Jerin umarninsu daban yake. Abin da na'ura ta aika da sunan ja, su a wajensu umarnin ƙiftawa ne. Na kore ya zame musu ja, na shuɗi ya zame musu kore, shuɗin nasu kuma babu wanda ya taɓa shi. Ja da kore ba shuɗi, shi ne ruwan ɗorawar nan.

Ya sauko ya ware su su biyu, ya maida komai ƙasa, ya rinƙa turawa ɗaya bayan ɗaya. Daga teburin wani ginshiƙi ya tare masa ta dama, don haka ni na matsa gaba ina faɗa masa abin da na gani. "Ja ne." "Wannan kore." "Wannan ne mai ƙiftawar, sauke shi!" Ya yanki farin salatif ya manna, ya rubuta a kai. Ya haɗa musu nasu farin. Na ce na dama ya fi sauran shuɗi-shuɗi, kamar farin yadin da aka cika wa bula. Ya rage kaɗan, suka daidaita. Ya sake ajiyewa a lamba ɗaya.

Ya danna. Takwas ɗin duka fari, fitilun bango kuma kore. Na sauke numfashi.

Ba a yi minti ɗaya ba ɗakin ya sake rikicewa. Shuɗi, ja, tau-tau-tau.

Ya dafe kai. Ya ce wataƙila ƙwaƙwalwar na'urar ce ta taɓu, don jiya wuta ta zo da ƙarfi. Ya sake ajiyewa, ya danna, ta zauna, can ta sake tsalle. Ya canja wayar da ta tashi daga na'ura zuwa fitilu. Haka. Ya kashe ya kunna. Haka. Ƙarfe goma saura kwata, mutane sun fara cika kujeru. Ya ce mini, "Madam, in ta ƙi, zan zare su duka a yi da ƙwan lantarkin rufi. Sai dai Alhaji ya kore ni, don mai bidiyo ba zai yarda ba." Na san kuma in aka kore shi wani za a kira ya mayar da su, wanda bai san komai ba.

Ni ban san na'ura ba, aji huɗu na tsaya. Amma shekara uku ke nan aikina shi ne lura da abin da yake faruwa kafin abu ya faru. Na lura lokacin da muka shigo, ana gwada lasifika ne. Na biyu, wani ya yar da kujerar ƙarfe kusa da mu. Ina cikin wannan tunani goyona ta tsala kuka a bayana, dab da teburin, fitilu suka yi tsalle tare da ita.

Na ce, "Malam, danna ɗayan nan, ka yi shiru."

Ya danna. Na jijjiga goyo ta yi shiru. Fari ya zauna. Muka jira, yana nan zaune. Kunya ta kama ni, amma na miƙa hannu saman na'urar na tafa sau ɗaya da ƙarfi.

Ɗakin ya koma ja.

Ya dube ni, ya dubi na'ura, ya sunkuya har hancinsa ya kusa taɓa ɗan gilashin da lambobi suke fitowa. Gilashin ya dushe da ƙura da maiƙo. Ya goge da bakin rigarsa, sai ga wani ɗan ɗigo ja a kusurwa. Ya ce, "Kai! Mai kiɗan jiya!" Ashe na'urar tana da wani ɗan rami kamar hudar allura, kunnenta ke nan. Masu biki suna saita ta ta rinƙa bin kiɗa, duk ƙarar da ta ji sai ta tsallaka lamba ta gaba. Mai kiɗan ya tafi ya bar ta a haka. Ba mantuwa take yi ba. Tana tuno lamba ɗaya daidai, ƙara ce take tura ta gaba.

Sai na gane abin da ya kusa faruwa. Na hango 'yata zaune a dandamali cikin farin haske, ɗaki ya yi tsit, ta buɗe baki ta ja basmala a lasifika. Muryarta ce da kanta za ta kunno abin.

Ya danna maɓalli ɗaya, ɗigon ya mutu. Na tafa, ya tafa, ya buga tebur. Fari bai motsa ba. Duk da haka bai tsaya nan ba. Ya buɗe wani shafi da babu komai a cikin na'urar, ya zuba farin nan a lambobin shafin guda takwas duka, ya ce ko ta yi tsalle, a kan fari za ta dira. Ya rufe maɓallin kiɗan da salatif. Ya aika a tayar da janareta tun yanzu, don in wuta ta ɗauke ta dawo a tsakiyar karatu, fitilun kan farka da rawar kansu.

Da Alhaji ya dawo ya ga fari da kore ya ce madalla, ya tuna masa wal-wal ɗin ba da kyauta. Mutumin ya ce, "Ranka ya daɗe, yau ba zan kunna ba. Akwai dalili, ka bar shi a wuyana." Alhaji ya yi faɗa kaɗan, aka kira shi ya tafi. Mai fitilun bai dubi inda nake ba ko sau ɗaya.

'Yata ce ta goma sha ɗaya. Ta hau, ƙafarta ba ta kai ƙasa daga kujera ba. Ban ji rabin karatun ba, idona yana kan fitilu, ina ƙirga su daga ɗaya zuwa takwas ina dawowa. Ta sarƙe a wata aya, alƙali ya buga ƙararrawa, ta koma ta kama ta wuce. Ba ta zo cikin ukun farko ba. An ba ta Alƙur'ani da takardar shaida, ta sauko tana rungume da su, da ƙafarta.

Kafin mu fita na je yi masa godiya, na tarar yana cin burodi a tsaye. Ya ce a cocinsu ya koyi aikin, shekara goma sha yana yi, babu wanda ya taɓa gaya masa haske yana kayar da mutum. Ya ce, "Wa ya san nawa na kayar a wajen biki aka ce aljanu ne."

Bayan azahar muka ci shinkafa da kifi a wata rumfa kusa da tasha, muka kamo hanya. Yaran suka yi barci a mota. Malama tana gefena. Na yi ta juya abin: na faɗa wa baƙo, matar da take zama da 'yata kullum kuwa ba ta sani ba. Muna wuce bishiyoyin nan na faɗa mata.

Ta juyo ta dube ni har na yi nadama. Can ta ce, "Haba ƙanwata. Shekara biyu yarinya tana gabana. Da ta faɗi a aji, cokali zan tura mata a baki, don abin da na ga ana yi ke nan. Da na karya mata haƙori ko na shaƙe ta, wa za ki ce ya yi?" Ranta ya ɓaci sosai, kuma tana da gaskiya. Har muka sauka ba ta sake fuska ba. Amma a cikin kwalekwale, rana ta yi ƙasa tana bugun ruwa, na ga ta matsa ta zauna ta yamma ta tare wa yarinyar hasken da jikinta, ta ce in koya mata abin da ake yi. Na ce a kwantar da ita ta gefe, a kawar da abin da zai ji mata ciwo, kar a sa komai a baki, kar a danne ta.

Mun isa gida ana kiran magariba. Na faɗa wa babanta komai. Ya karɓi takardar shaidar ya duba, sannan ya ce shi zai yi wa mahaifiyarsa magana. Har yau ba ta amsa gaisuwata da sakin fuska, ban kuma san ranar da za ta huce ba. Shi ya ba ni izinin rubuta wannan, ba suna.

Abin da na koyo, ɓoyon da nake yi ina ganin kariya ce, shi ya kusa kayar da ita. Duk wanda zai iya taimakonta sai da ya sani tukun.

Roƙona biyu ne. Masu ɗakunan taro da masu fitilun biki da na makarantu, don Allah kafin ku kunna mai ƙiftawar nan ku sa a faɗa a lasifika, ku ba mu minti ɗaya mu fita da 'ya'yanmu. Ku kuma iyaye, in kun ji ɗan maƙwabta yana da wannan ciwo, kar ku raba masa kwano.